C ɗina ya yi ja: me zan goge, me zan bari?

Zainabu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Masana kwamfuta ku kawo mini ɗauki don Allah. Laftof ɗina HP ce ta hannu, an ce mini giga 128 gare ta. Yanzu in na buɗe This PC, layin da ke ƙarƙashin C, wato faifan ajiyar kwamfutar, ya koma ja, saura giga 2 da 'yan kai. Word ma sai ta yi ta jan ƙafa kafin ta buɗe, ga furojet ɗina na shekarar ƙarshe a ciki. Na goge finafinan da na gani amma layin ko motsi bai yi ba. Sannan gaba ɗaya 118 take nunawa, ba 128 ba. Ko mai shagon cutata ya yi?

Nura: Wa alaikumus salam. Kai ta a yi mata fomatin kawai, a zuba sabuwar Windows. Awa ɗaya an gama, ki huta.

Bashir Mai Gyara: Nura, ka ji fa ta ce furojet ɗinta na ciki. Malama Zainabu, kada ki kai ta ko'ina tukuna. Na farko, mai shago bai cuce ki ba. Kamfanonin da ke ƙera faifan ajiya suna ƙirga giga ɗaya a matsayin bait biliyan ɗaya cif, ita kuwa Windows da 1024 take ƙirgawa a kowane mataki. Shi ya sa 128 ke fitowa wajen 119, 256 ya fito 238, 500 ya fito 465, tera ɗaya kuma 931. Sai Windows ta ƙara yankar wani ɗan wuri na kayan farfaɗo da kanta, ga 118 ɗinki nan. Na biyu, finafinan da kika goge suna Recycle Bin. Sai kin zubar da shi wurin zai dawo.

Zainabu: Ikon Allah! Na duba, ga su nan reras. Na zubar, yanzu saura giga 9. Amma har yanzu ja ne.

Bashir Mai Gyara: Zai ci gaba da zama ja har sai wurin da ya rage ya haura kashi 10 cikin 100 na faifan, wato wajen giga 12 a taki. Daga nan ki tsaya da goge-goge. Sauko da WizTree ko WinDirStat, duk kyauta ne kuma ba su da nauyi, ki bar shi ya leƙa C. Zai jero miki folda-folda daga wadda ta fi ci zuwa ƙasa. Ki ɗauki hoton abin da ya nuna ki turo nan, mu ga wane ne ɓarawon.

Nura: Duk wannan dogon turanci na mene ne, Injiniya? Ta kwashe furojet a filash, a wanke kwamfutar tas. Ni duk sanda tawa ta fara nauyi haka nake yi.

Malam Habu: Nura ɗana, "duk sanda ta fara nauyi" ka ce. Ke nan tana sake cika. Ashe wankin bai kashe ciwon ba.

Nura: Malam, ai kowace kwamfuta tana cika.

Bashir Mai Gyara: Tana cika, amma da dalili. In ba ka san abin da ke cika ta ba, za ka mayar da shi da hannunka bayan fomatin. Kuma mutane suna mantawa da kuɗin da ke biyo baya: sai ka sake sauke sabuntawar Windows, da Office, da direbobi (ƙananan manhajojin da ke sa sassan kwamfuta aiki), da burauza, duk da datarka. Tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, wa yake wasa da data? Ban da kalmomin sirrin da aka adana a burauza da mai kwamfutar ya daɗe da mantawa. Fomatin yana da ranarsa, in bairos ya ci ƙarfin kwamfuta ko Windows ta lalace. Don wuri ya cika kawai, a'a.

Sadiq Mai Bidiyo: Ina bayan Injiniya. Mu masu tace bidiyon biki mun fi kowa sanin wannan ciwo. Premiere da CapCut duk suna tara tarkacen aiki a ɓoye, kana ganin ka goge bidiyon amarya ka ba ta kayanta, alhali ragowar na nan kwance a AppData. Wannan folda ma a ɓoye take, in ba ka sa kwamfuta ta nuna ɓoyayyun fayil ba, ba za ka taɓa ganinta ba. A cikin manhajar kanta akwai wurin share tarkacen, ta nan ake bi.

Ummi: Ni CCleaner nake amfani da shi, danna ɗaya ya share komai. Anti Zainabu ki gwada shi.

Bashir Mai Gyara: Ummi, ba zan ce miki haram ba ne, amma abin da yake sharewa Windows da kanta tana iya share shi. Ku shiga Settings, System, Storage, ku danna Temporary files. Ko ku rubuta cleanmgr a wurin bincike, in ya buɗe ku danna Clean up system files. Nan ake samun ragowar tsofaffin sabuntawa, da Windows.old in akwai. Shi Windows.old tsohuwar Windows ɗinka ce da ake ajiyewa bayan babbar sabuntawa, don in sabuwar ba ta karɓe ka ba ka koma. Yakan haura giga 10, kuma bisa ƙa'ida bayan kwana 10 Windows ke share shi da kanta, sai dai wani lokacin yakan maƙale. Game da CCleaner kuwa, a 2017 'yan kutse sun cusa mugun abu a cikin fitowarsa ta 5.33, mutane sama da miliyan 2 suka sauke daga shafin kamfanin na gaskiya. An gyara tuni, amma ni tun lokacin na rage yarda da duk manhajar da aikinta kawai ta yi abin da kwamfuta ta riga ta iya. Ballantana waɗanda ke faɗo maka a allo suna cewa kwamfutarka na da matsala dubu, ka danna nan. Waɗannan ku guje su.

Malam Habu: Akwai abin da zan ƙara a nan. A jerin Temporary files ɗin nan akwai akwatin Downloads. Ku buɗe ido kafin ku yi masa alama. Yawancinmu a Downloads muke barin komai, takardar shaidar makaranta, rasit, hoton fasfo, littattafan da aka turo. Kwamfuta ba ta san wanne ne shara wanne ne dukiya ba. Haka in za ku kunna Storage Sense, mai share tarkace da kansa, ku shiga saitinsa ku tabbatar wurin Downloads yana kan Never.

Zainabu: Malam, da ba ka faɗa ba da na danna. Babi na ɗaya zuwa na uku duk a Downloads suke, yadda malamina ya dawo mini da su da gyara.

Malam Habu: To kafin ki ƙara taɓa komai, tura su zuwa imel ɗinki yanzu-yanzu. Fayil ɗin Word nawa yake ci? Ko mega 5 da wuya ya kai.

Hajiya Rabi: Ni fa ban ga abin wahala ba. Yarona ya haɗa mini Google Drive, duk lissafin shagona da hotunan kaya suna can. Ko kwamfutar ta faɗa rijiya ban yi asara ba. Zainabu 'yata, zuba komai a can ki huta da ciwon kai.

Sadiq Mai Bidiyo: Hajiya, ranki ya daɗe, taki takardu ce da hotuna. Giga 15 Google ke bayarwa kyauta, kuma a cikinsa Gmail da Drive da Photos duk suke ci. OneDrive ma giga 5 ne. Bidiyon kamu ɗaya in na ɗauka da kyau ya cinye wannan. Sannan a tura da data, ranar da ake bukata a sauko da data.

Hajiya Rabi: To ai ana sayen ƙari.

Sadiq Mai Bidiyo: Ana saya, duk wata. Ɗaliba ce fa.

Ummi: Da can ai Google Photos kyauta ne ba iyaka ko?

Bashir Mai Gyara: Da ke nan. Tun 1 ga Yunin 2021 suka rufe wannan ƙofa, duk hoton da ka ɗora bayan nan yana ci daga giga 15 ɗinka. Hajiya tana da gaskiya a kan takardu, Sadiq yana da gaskiya a kan bidiyo. Amma akwai tarkon da nake yawan gani a shago game da OneDrive. Mutum zai ga fayil ɗinsa ya hau can, sai ya ce bari in goge na kwamfuta tunda akwai kwafi a sama. Yana gogewa na saman ma ya tafi, don madubin juna ne. Abin da ake yi shi ne a danna fayil ɗin da maɓallin dama a zaɓi Free up space. Sunan zai zauna a kwamfuta da alamar gajimare, nauyin ya koma can. Wanda ya riga ya yi kuskuren kuma, ya shiga shafin OneDrive ya duba kwandon shararsu, suna riƙe abu kwana 30 ga mai asusun kansa.

Zainabu: Ga abin da WizTree ya nuna. Windows ta ci giga 27. Akwai wata folda Telegram Desktop a cikin Downloads, giga 19. Sai wata MobileSync giga 34, ni ban ma san ta ba. Sannan hiberfil.sys giga 3 da wani abu, da pagefile.sys. Akwai kuma WinSxS a cikin Windows, ita ma babba ce. In goge su duka?

Bashir Mai Gyara: A'a! Ɗaya bayan ɗaya. Telegram Desktop duk abin da kika taɓa buɗewa ne a zaurukan Telegram, bidiyon darasi, littattafai, finafinai. Shiga ki tsince na amfani, ki watsar da saura, mafi yawansu in kin so za ki sake samu a zauren. Ki kuma shiga saitin Telegram ki kashe saukewa da kanta. MobileSync kuwa kwafin iPhone ne. Wani ya taɓa jona iPhone da kwamfutar nan ta iTunes?

Zainabu: Yaya Kabiru ne, lokacin da zai canza waya ya ari kwamfutar.

Bashir Mai Gyara: To ga ɓarawon nan. Duk abin da ke cikin tsohuwar wayarsa yana nan.

Nura: Goge abinki, ai ya riga ya canza wayar.

Hajiya Rabi: Kai Nura, Allah ya shirye ka. Kayan yayanta ne. In hotunan 'ya'yansa ne a ciki da babu su a ko'ina fa? Zainabu, kira shi ki tambaye shi. In ya ce yana so, ya kawo faifansa ya kwashe.

Malam Habu: Hajiya ta gama magana.

Nura: Na ji, na janye wannan. Amma hiberfil ɗin nan kam banza ne. Buɗe Command Prompt a matsayin admin, rubuta powercfg /h off, nan take giga 3 ya dawo. A nan kam ko Injiniya ba zai musa ba.

Bashir Mai Gyara: Umarnin daidai ne, yana aiki. Amma bari in tambaye ta: batirinki yana riƙe wuta?

Zainabu: Ina fa. In aka ɗauke wuta ko minti 20 ba ya kaiwa.

Bashir Mai Gyara: To kada ki kashe shi. Wannan fayil shi ne inda kwamfuta ke juye duk aikin da ke buɗe in batir ya kusa mutuwa, ta kwanta, in wuta ta dawo ki tarar da Word a inda kika bari. Girmansa yawanci kashi 40 cikin 100 na RAM ne, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke riƙe aikin da ke buɗe a ciki, shi ya sa mai RAM giga 8 ke ganin 3 da ɗoriya. Masu rubuta shawarar a kashe shi a intanet, yawancinsu a ƙasashen da ba a ɗauke wuta suke zaune. Mu da NEPA ke yi mana yadda ta ga dama, ga batirin kwamfutar hannu da ya gaji tun kafin ya iso, giga 3 ba ta kai a yi asarar babi guda ba.

Nura: Ai Word tana adana aiki da kanta.

Bashir Mai Gyara: Duk bayan minti 10 take yi in ba ka canza saitin ba, kuma ba kowace manhaja ke da wannan ba. Wanda batirinsa lafiya lau yake, ko yana da inbata a gida, ya kashe abinsa, ba ni da ja. Ya dai sani Fast Startup, mai sa kwamfuta tashi da sauri, ma zai tafi tare da shi.

Sadiq Mai Bidiyo: Ni na kashe nawa, RAM ɗina 32 ne, fayil ɗin ya yi girma da yawa. Amma ina da sola.

Nura: Ka ji masu kuɗi.

Bashir Mai Gyara: Saura biyun. pagefile.sys ki bar shi, shi ne kwamfuta ke jingina da shi in RAM ya cika, in babu shi manhajoji za su riƙa mutuwa suna rufe kansu. WinSxS kuma ko da wasa kada ki shiga da niyyar gogewa. Kayan gyaran Windows ne a ciki, kuma girman da ake nuna miki ya fi na gaskiya, don fayiloli da yawa a cikinta ana ƙirga su sau biyu, suna nan suna kuma System32. An sha kawo mini kwamfutar da ta ƙi tashi saboda mai ita ya ga babbar folda ya ce shara ce. In ana so a rage ta, Clean up system files ɗin da na faɗa ya isa. Masu son rubuta umarni a Command Prompt kuma: Dism /Online /Cleanup-Image /StartComponentCleanup, a bar shi ya gama ko da ya ɗauki lokaci.

Issoufou: Salamu alaikum, ina bin ku daga Maraɗi. Tawa Windows ɗin da Faransanci take, sunayen da kuke faɗa ba haka suke a wurina ba. Sannan matsalata daban ce: C ya cika amma D kusan babu komai a ciki.

Bashir Mai Gyara: Wa alaikumus salam Malam Issoufou. Rubuta cleanmgr, kowane harshe kwamfutar ke ji zai buɗe, a taka Nettoyage de disque za ka gani. Batun D kuma, aikin masu zuba Windows ne, su raba faifai biyu su ba C ɗan kaɗan, mai kwamfuta kuma bai san ana iya ajiya a D ba. Ɗaki ya cika har ƙofa, ga sito a buɗe babu kowa. Danna foldar Downloads da maɓallin dama, shiga Properties, akwai shafin Location, ka zaɓi Move ka nuna mata wata folda a D. Haka za ka yi wa Documents da Pictures da Videos. Daga ranar duk abin da ka sauke can zai tafi. Ka dai ƙirƙiri folda a D tukuna, kada ka nuna mata D ɗin kansa tsirara, warware wannan yana da ciwon kai.

Ummi: Defrag fa? Wani ya ce mini yana ƙara wuri.

Bashir Mai Gyara: Ba ya ƙara ko mega ɗaya, jera kaya kawai yake yi. SSD, wato faifan ajiya na zamani marar juyawa, ma ba ta bukatarsa.

Zainabu: Yaya ya ce yana son kayansa, zai zo da faifai ranar Asabar. Telegram na rage shi, Temporary files ma na share ban da Downloads, yanzu saura giga 31, layin ya koma shuɗi. Ina tunanin in sayi filash in kwashe hotunana. Na ga wani a intanet, tera 2, kuma da araha sosai.

Sadiq Mai Bidiyo: Kada ki saya! Na jabu ne. Ana ɗaukar filash mai giga 8 ko 16 a sauya masa lissafi ya riƙa gaya wa kwamfuta shi tera 2 ne. Za ki ga kaya na shiga, sunaye na nan, amma da ya wuce ainihin cikinsa sai sabo ya riƙa hawa kan tsoho. Ranar da kika zo buɗewa ki tarar hotuna sun lalace. Duk filash ko memorin da kika saya, gwada shi da H2testw kafin ki zuba komai. Yana cika shi da bayanai ya sake karantawa, ya gaya miki gaskiyar cikinsa. In mai shago ya ƙi yarda a gwada ko a dawo da shi, kin san amsa.

Malam Habu: Kuma ko na gaske ne, in kin kwashe hotunan zuwa filash kin goge na kwamfuta, kwafi ɗaya dai gare ki, wuri kawai ya canza. Filash kuwa ya fi kwamfuta saurin ɓata, ko a manta shi a aljihu ya sha wanki. Abin da ba za ki iya sake samu ba, ya zauna a wuri biyu.

Hajiya Rabi: Kun dawo maganata ke nan, Malam.

Malam Habu: Mun dawo rabinta, Hajiya.

Nura: Ni dai har yanzu ina ganin 128 ta yi kaɗan a wannan zamani. Yau ta share, nan da wata uku ta sake cika. Windows 11 kaɗai sai da giga 64 take yarda ta hau, kuma tun 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10. Ta tara kuɗi ta sa 256 ko 512.

Bashir Mai Gyara: A nan kam mun haɗu, Nura. Da wannan ka fara da ba mu yi faɗa ba. Windows ma tun fitowar 1903 ta 2019 take keɓe wa kanta wajen giga 7 don sabuntawa, a kan 128 ana jin wannan. Sai dai ba kowace laftof ke karɓar canji ba. Ƙananan nan irin HP Stream masu giga 32 ko 64, ajiyarsu eMMC ce, a manne take da babban allon da ke cikin cikin kwamfutar (motherboard), ba a cirewa. Su sai dai memori ko faifan waje. Malama Zainabu, buɗe Task Manager, shiga Performance, danna Disk, za ki ga sunan faifan a sama. Turo shi da lambar samfurin da ke bayan kwamfutar, in gaya miki ko M.2 ce ko mai inci 2.5, don in kin sayi wadda ba ita ba ba za ta shiga ramin ba. Kuma ba sai an yi fomatin ba, ana kwafe tsohon faifan ɗungurungum zuwa sabon. Amma ki bari ki miƙa furojet tukuna kafin a kwance mata ko dunƙule ɗaya.

Nura: Sai ka sako fomatin a ciki dai.

Issoufou: Injiniya, tawa tsohuwar Dell ce mai wurin saka faifan DVD, kuma ban taɓa amfani da shi ba. Na ji ana cire shi a sa faifan ajiya na biyu. Gaskiya ne?

Bashir Mai Gyara: Gaskiya ne, ana sayar da ɗan akwatin da ke shiga gurbinsa, kadi muke ce masa. Sa SSD a babban gurbin Windows ta zauna a kai, tsohon faifan ya koma kadi ya riƙe finafinai da hotuna. Yawanci kauri biyu ake samu, milimita 9.5 da 12.7, don haka zare na DVD ɗin ka tafi da shi kasuwa a gwada. Dunƙule ɗaya ne ke riƙe da shi ta ƙasa a yawancinsu.